Wa Za A Damƙa Wa Rumbun Shari'un Kano?

Ranar 1 ga Agusta, 2024, da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, ɓata-gari suka kutsa Babbar Kotun Jihar Kano da ke Sakatariyar Audu Bako, suka farfasa ofisoshi, suka yi awon gaba da fayil-fayil da kayan shaida. A Oktoban 2020 ma wuta aka cinna wa babbar kotun Igbosere ta Legas. Duk takardar da ba ta da kwafi a wani wuri, in ta salwanta, da haƙƙin mai ita take tafiya.

Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan asara. Mai kamfanin roba da ke bin dillali kuɗin kaya, da mai majemar fata da ke taƙaddama da banki, jarinsu a ɗaure yake muddin ana ɗage zama saboda fayil bai iso gaban alƙali ba. Ga tsadar dizal, ga albashin ma'aikata da ba ya jira. A 2019 Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka domin yanke ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba cikin kwana 60. Cika irin wannan wa'adi sai an san inda kowace ƙara ta kwana.

Don haka wannan jarida tana goyon bayan mayar da rajistar kotuna cikin kwamfuta. Inda take jan hankali shi ne wanda za a ɗauka ya yi aikin, da abin da za a rubuta a takardar kwangilarsa.

Tun kafin a kira kowa, a duba abin da ke ƙasa. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, ta hannun kwamitin da Mai Shari'a Kashim Zannah na Borno ya jagoranta, ta samar da manhajar bibiyar ƙararraki mai suna NCMS. Duk maginin manhajar da za a ɗauka, ya ɗora a kanta ko ya yi wadda za ta iya musayar bayanai da ita, tunda ƙarar da aka fara a kotun titin Miller ta Kano tana iya ƙarewa a Kotun Ƙoli.

Sai mallaka. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa bayanan da ainihin rubutun manhajar na ma'aikatar shari'a ne, don kada ranar da aka saɓa da ɗan kwangila ya tafi da makulli. A ajiye kwafi a wani gini daban, a kuma kiyaye sirrin masu ƙara kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Manhajar ta ci gaba da aiki ko intanet ta yanke, ta aika wa mai ƙara saƙon waya da Hausa in an sauya ranar zama. Mai gina ta kuma ya zauna makonni tare da magatakarda da masinja, ya ga yadda sammaci ke fita.

Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar yarda da na'ura ido rufe. Tsakanin 1999 da 2015, manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi, aka gurfanar da fiye da mutum 900 masu kula da rassan gidan waya, wasu har kurkuku. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Saboda haka dole wani masani mai zaman kansa ya binciki aikin, kuma duk wanda ya taɓa fayil, manhajar ta rubuta sunansa da lokacin.

Muna kira ga Babbar Jojin Kano, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, da duk lokacin da za a ba da irin wannan aiki a tallata shi a fili, a ji ta bakin ƙungiyar lauyoyi da ta masu masana'antu, a ba ƙwararrun da Jami'ar Bayero da ta Wudil suka yaye damar gwada sa'arsu. A fara gwaji da kotu ɗaya, a riƙe kason ƙarshe na kuɗin kwangila har sai ma'aikatan rajista sun shekara suna sarrafa manhajar da kansu.