Zaɓen Jiha Da Na Ƙauye A Indiya

Duk sa'ad da aka ta da zancen zaɓe a Indiya, hankalin jama'a ya kan koma ga Majalisar Wakilai ta Delhi mai kujeru 543. Amma rijiyar talaka da hanyar kasuwarsa da makarantar 'ya'yansa ba a Delhi a ke yanke maganarsu ba. Sabo da haka muka ga ya kamata yau mu duba zaɓen da ke ƙasa da wancan.

Jihohin ƙasar 28 ne, kowace da Majalisar Dokokinta. An yanka jiha mazaɓa mazaɓa, kowace wakili ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci. Jihar Uttar Pradesh kaɗai kujeru 403 gare ta. Jam'iyyar da ta sami rinjaye ita ke fid da Babban Minista. Gwamna kuwa ba zaɓensa a ke yi ba, Shugaban Ƙasa ke naɗa shi. Majalisa shekara biyar ta ke yi, kuma kowace jiha da lokacinta, don haka da wuya shekara ta wuce ba a jefa ƙuri'a a wani wuri ba. Abin lura shi ne, Hukumar Zaɓe ta ƙasa ce ke sa rana, ita ke gudanar da zaɓen. Babban Minista ba shi da ikon ɗage shi don yana tsoron faɗuwa.

A ƙauye labarin dabam ne. Majalisar ƙauye sunanta pancayat, watau taron mutum biyar. A 1959 Firayim Minista Nehru ya buɗe sabon tsarinta a Nagaur, cikin jihar Rajasthan. Sai dai ba a ɗaure hannun gwamnatocin jihohi ba, suka riƙa rushe majalisun, a yi shekaru ba zaɓe. Sai a 1992 aka yi wa tsarin mulki gyara na 73, ya fara aiki a 1993. Aka ce a yi majalisa hawa uku, ta ƙauye da ta gunduma da ta lardi, a yi zaɓe kowace shekara biyar, in kuwa an rushe majalisa a sāke zaɓe cikin wata shida. Aka ware wa mata sulusin kujeru, aka ware wa ƙabilu da dangogin da aka daɗe ana dannewa nasu gwargwadon yawansu. Jihar Bihar ta kai rabon mata rabi a 2006, waɗansu jihohi da dama suka bi. Gaskiya ne akwai ƙauyukan da matar ke da kujera, miji ke riƙe da hatimi, amma ba mu ga wannan ya isa a raina dokar ba.

Inda mu ke ganin an bar ɓaraka shi ne wajen mai gudanarwa. Zaɓen ƙauye da na birni an danƙa shi ga hukumar zaɓe ta jiha. A jihohi da yawa kuma yanka mazaɓu da rabon kujerun da aka ware suna hannun gwamnatin jiha, hukuma ba ta iya sa rana sai an gama su. Wannan ai an ba kura ajiyar nama ke nan. Kotun Ƙoli ta ce tun 2006, a shari'ar birnin Ahmedabad, wa'adin shekara biyar wajibi ne. Duk da haka a jihar Tamil Nadu zaɓen da ya kamata a yi a 2016 ya maƙale tsakanin kotu da gwamnati. Na ƙauyuka sai Disamba 1919 da shekara ɗari, watau 2019, aka fara shi, na birane kuwa sai Fabrairu 2022. Duk tsawon wannan lokaci ma'aikatan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da majalisun, mutum ba shi da wakilin da zai kai wa kuka, balle wanda zai kayar.

A ganinmu aikin yanka mazaɓu bai kamata ya zauna hannun ministoci ba, tun da jam'iyyarsu tana cikin masu takara. A jihar Kerala Kwamishinan Zaɓe ne ke shugabantar hukumar da ke wannan aiki, kuma tun 1995 ba a taɓa tsallake zaɓen majalisun ƙauye ba. Ko a 2020, shekarar annoba, jinkirin 'yan makonni kawai aka yi, aka jefa ƙuri'a cikin Disamba.