Makomar Ƙanƙarar Antatika Tana Ƙarƙashinta

Duk lokacin da aka zo rabon kuɗin binciken Antatika, sai ka ji masu cewa tunda taurarin ɗan Adam suna kewaya duniya dare da rana, ɓarnar dukiya ce a ci gaba da tura jiragen sama ɗauke da na'urar rada su yi ta shawagi a kan ƙanƙara. Wannan kuskure ne, mai tsada kuwa.

Tauraron ICESat-2 da hukumar NASA ta harba a 2018 yana auna tsayin saman ƙanƙara da hasken leza, kuma ya ƙware a aikinsa. Sai dai haskensa ba ya wuce sama. Rada kuwa tana aika igiyar rediyo ta ratsa ƙanƙara mai kaurin kilomita 3 ko 4, ta bugi dutse ko ruwa, ta dawo. Daga lokacin da ta ɗauka ake lissafa kauri. A hanya tana kuma bayyana shimfiɗun da suka taru cikin dubban shekaru, waɗanda lanƙwasarsu ke nuna yadda ƙanƙarar ta malala.

Ta wannan hanya masu bincike na Cibiyar Scott da ke Kambirij, tare da abokan aikinsu na Amurka da Denmak, suka yi ta auna Antatika daga 1967 zuwa 1979. Ta kuma nuna alamar Tafkin Vostok, wanda aka tabbatar a 1996 a ƙarƙashin ƙanƙara mai kusan kilomita 4.

Muhimmancin aikin ya fi fitowa a Yammacin Antatika. Rada ta nuna cewa gindin ƙanƙarar Thwaites yana ƙasa da matakin teku, kuma yana ƙara zurfi idan aka nausa cikin nahiyar. A irin wannan gangare, da zarar ruwan teku mai ɗumi ya fara cin gindin ƙanƙara, ja da bayanta na iya ƙara sauri. Thwaites kaɗai tana riƙe da abin da zai ɗaga teku da kusan santimita 65.

Wanda bai san siffar dutsen nan ba, hasashensa na shekaru 50 masu zuwa zato ne kawai, alhali da wannan hasashen ne biranen bakin teku irin Legas za su tsara kariyarsu. Har yanzu akwai yankunan Antatika da jirgi bai taɓa auna gindinsu ba. Maimakon a dakatar da jiragen, kamata ya yi a ƙara yawansu.