Sharhi: Idan manhajar aika kuɗi ta maƙale a Malbaza, wa ke ɗaukar asara?

Daga dillalin albasar Galmi zuwa direban da ya yi lodin siminti a Malbaza, har iyalan da ke jiran saƙon ɗan ci-rani daga Legas ko Abidjan, kuɗi yanzu ta waya suke zuwa. Sai dai a wannan yanki na jihar Tahoua rezo kan ɗauke ba sallama. Mutum ya danna "aika", allo ya tsaya cak, bai san ko kuɗin sun fita ba. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su sake dannawa.

Katsewar intanet ba baƙon abu ba ne. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, lamarin da ya taɓa ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Nijar. Don haka abin tambaya shi ne me manhaja ke yi idan hakan ta faru a tsakiyar ciniki.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da sanin maganin. Ana bai wa kowace hulɗa lamba tata ta musamman, ta yadda ko sau biyar aka danna, kwamfutar kamfanin za ta gane saƙo ɗaya ne. Ana kuma haɗa cire kuɗi daga asusun mai aikawa da zuba su a na mai karɓa su zama aiki guda: ko su kammala tare, ko komai ya koma yadda yake. Django da Laravel, ginshiƙan da ake gina shafukan intanet da yawa a kansu, suna da tanadin wannan na biyun, kuma kyauta ne. Amma sai mai aikin ya yi amfani da shi.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa misali. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900 bisa bayanan manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu, wadda ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka gano daga baya shi ne wannan dai: allo ya maƙale, ma'aikaci ya yi ta danna maɓalli, manhajar na lissafa kowace dannawa a matsayin sabon kuɗi. A wani reshe giɓin ya kai fam 24,000.

Wakilin aika kuɗi da ke rumfa a Birnin Ƙonni ko Illela yana cikin irin wannan matsayi. Kwastoma shi yake gani, shi zai riƙe wa wuya. Kamfani kuwa bayanan na'urarsa zai duba. Idan manhajar ba ta ajiye cikakken tarihin abin da ya faru ba, da lokaci da lambar hulɗa, wakilin ba shi da hujjar kare kansa.

Akwai kuma sakacin da ke buɗe wa ɓarayi ƙofa. Lokacin gwaji, masu gina shafi kan kunna wani yanayi da ke baje duk bayanan kuskure a allo. Idan aka manta ba a kashe shi ba bayan an buɗe shafin ga jama'a, sirrin kamfani kan fito fili. A farkon 2021 an bayyana wata ɓaraka a Laravel da ke bai wa masu kutse damar shiga shafukan da aka bari a haka.

Ta fuskar doka, Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna tun Yunin 2020 su mayar da kuɗin cinikin POS ko na intanet da ya gaza cikin sa'o'i 72. A Nijar, BCEAO ne ke sa ido kan masu fitar da kuɗin waya, kuma a wurinsa ya kamata a nemi wa'adin da kowane kwastoma zai sani, a liƙa shi a kowace rumfa.

Sai batun harshe. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma mai sayar da albasa da ya ga "Erreur 500" a wayarsa bai ƙaru da komai ba. Jimla ɗaya ta ishe shi: "Kuɗinka ba su fita ba, sake gwadawa," ko kuma "Sun fita, kada ka sake aikawa."