Wutar Da Ake Ja Ba A Mora

Sanin kowa ne cewa tun daga zamanin Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kukan masu masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa bai sake ba: wuta ba ta isa, in ta zo kuma ba ta da ƙarfi. Kukan nasu yana bisa gaskiya. Amma akwai wani kaso na wannan ciwo da ke tasowa daga cikin masana'antun kansu.

Injinan lantarki da ke juya na'urorin saƙa, da na niƙa, da na narka roba, suna jan wuta iri biyu. Ta farko ita ce mai yin aiki, wadda ake aunawa da kilowat. Ta biyu kuwa maganaɗisun cikin injin take tayarwa, tana kai da komo tsakanin injin da tashar wuta ba tare da an more ta ba, kamar jarkokin ɗan ga-ruwa: ba a shan su, amma kullum nauyinsu yana kan kura. Jimlar biyun ita ake aunawa da kVA. In aka raba mai aikin da jimlar, sai a sami abin da injiniyoyi ke kira fawa fakta, wato ma'aunin cin moriyar wuta, wanda ba ya wuce 1.

Lissafin ba shi da wuya. Masana'antar da ke bukatar kilowat 700, in ma'auninta 0.7 ne, kVA 1,000 za ta ɗora wa taransifoma. In aka gyara shi ya kai 0.95, aikin nan dai kVA 737 zai ci. Wutar da ke salwanta a waya ta zama zafi kuwa za ta ragu da kusan kashi 46 cikin ɗari, domin asarar tana bin yawan wutar da ke gudu ne ninki kan ninki. Gyaran kuma jeren kafasita ne kurum ake kafawa kusa da injinan, su riƙa ba su wutar maganaɗisun nan take, ba sai an ɗauko ta daga nesa ba.

Nisan nan ba abin wasa ba ne ga Kano. Wutar da ke isa tashar Kumbotso tana biyo dogon layi mai kilobolt 330 ta Kaduna, kuma duk nauyin banza da aka ɗora masa yana rage ƙarfin wuta ga kowa, har da asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai. Mai janareta ma bai tsira ba, don galibi wanda aka rubuta wa kVA 1,000 kilowat 800 aka yi shi ya bayar. In ma'aunin masana'anta ya faɗi ƙasa da 0.8, ko hakan ba zai samu ba.

To, me ya sa gyaran bai game ko'ina ba? Duk inda mita ke ƙidaya wutar aiki kaɗai, mai masana'anta ba ya ganin ɓarnar a takardar kuɗinsa. Kamfanin wuta da maƙwabta ke ɗaukar ta. A Afirka ta Kudu, kamfanin Eskom yana cajin manyan masu amfani da wuta bisa kVA, haka ma jihohi da dama na Indiya. Ya kamata Hukumar NERC, da jihohin da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba ikon tsara kasuwarsu, su tsaya kan irin wannan tsari, da rangwame ga wanda ya gyara da tara ga wanda ya ƙi.

Sai dai a yi hattara da aikin ganin ido. Kafasitar da aka bari a kunne bayan an kashe injina da dare tana iya ɗaga ƙarfin wuta ya wuce kima, shi ya sa ake sa mata na'urar da ke kunna ta da kashe ta gwargwadon aiki. Zafin bazara kuma yana rage mata kwana in ɗakin ba ya samun iska. Kafin a sayo ko guda, sai ƙwararren injiniya ya auna wutar masana'antar na 'yan kwanaki, dare da rana.