Tabar wiwi ta yau ba irin ta jiya ba ce

Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya bugo waya a shirinmu na dare a gidan rediyo, da wata tambaya da ta hana shi barci. Yana da yara biyu masu yi masa dako, dukansu suna shan wiwi, kuma wuri ɗaya suke saye. Ɗaya yana nan yana ɗaukar buhu kamar kullum. Ɗayan kuwa ya koma magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa za a kashe shi. Sai mutumin ya ce mana: «Shin jifa aka yi wa yaron nan?»

Mun san abin da ya sa ya yi wannan zato. Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, in aka taɓo zancen wiwi a teburin mai shayi, amsar ɗaya ce: ai ganye ne, tun muna yara ake sha, wane da wane sun tsufa da hankalinsu. To, jama'a, sunan ne kawai bai canza ba.

Abin da ke bugar da mai shan wiwi wani sinadari ne da ake kira THC, wanda masana suka gano siffarsa a 1964. Yawansa shi ne ƙarfin tabar. A Amurka, inda ake auna wadda aka kama, a 1995 bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. A 2014 ya kai wajen kashi 12, domin manoma sun yi ta zaɓen iri mai kaifi. Kada mu ce can ne, ba nan ba. Kaya ba su san iyaka ba, kun fi kowa sanin haka. Ban da wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo, akwai wadda ake shigowa da ita Nijeriya da sunan Loud, akwai Colorado da ake haɗawa da sinadarai na kamfani. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai. A Saliyo kuwa, haɗin da ake kira kush ya kashe matasa har sai da shugaban ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilu na 2024.

Ga abin da ke ba mu mamaki. Babu ɗan kasuwar da zai sayi buhun wake bai zura hannu ya duba ba. Amma yaron da ya karɓi ƙulli a bayan tasha bai san abin da ke ciki ba, mai sayar masa ma sau da yawa bai sani ba. Na jiya da na yau suna iya kama da juna a ido, ƙarfinsu kuwa ya ninka.

Sai kuma shi mai shan kansa, kuma nan ne amsar tambayar mutumin nan take. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Yaron da ya fara yana ɗan shekara 14 ba ɗaya yake da wanda ya fara da gemunsa ba: cikin masu sha, kusan ɗaya cikin 10 ne abin ke zame wa jaraba, amma cikin waɗanda suka fara da ƙuruciya, kusan ɗaya cikin 6 ne. In akwai taɓin hankali a dangi, haɗarin ya ƙaru. Wanda ya sha da fargaba a zuciya, ko bayan kwana biyu bai runtsa ba, yakan ji bugun zuciya da tsoro maimakon nishaɗin da ya nema. Hayaƙi yana kama mutum cikin mintoci kaɗan. Wadda aka dafa cikin shayi ko abinci takan ɗauki rabin awa har zuwa awa biyu, sai mutum ya zaci ba ta da ƙarfi ya ƙara, daga baya ta taso masa gaba ɗaya, ta kuma daɗe ba ta sake shi ba. In aka haɗa da tramol, wanda shi kaɗai ma yakan jawo farfaɗiya in an zarce, to sai dai Allah ya kiyaye.

Wani bincike da aka yi a Turai da Brazil, aka buga a 2019, ya gano cewa mai sha kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali da wajen ninki 3. In kuwa mai ƙarfi yake sha kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, ninkin ya kusa 5. Ba kowa ne zai kamu ba, shi ya sa yaro ɗaya ke kan ƙafafunsa. Amma babu mai iya nuna maka tun farko wane ne zai faɗi.

Yanzu bari mu faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Da yawa cikin iyayen gida sun san yaransu na sha, suka kau da kai, wai don aiki ya fi tafiya. Wiwi ba ta ƙara ƙarfi. Tana dai ɓoye gajiya, ta rage saurin lura, ta sa mantuwa. Yaron da ke manta canjin da ya bayar, da ɗan kabu-kabun da bai ga rami ba sai da ya faɗa, da direban da muka danƙa wa kayan miliyoyi ya kama hanyar Katsina da jajayen idanu, duk asarar a kanmu take komawa. Kafin a ɗora kaya, a dubi direba kamar yadda ake duban taya.

Doka tana nan: Nijar na da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, Nijeriya na da hukumar NDLEA tun 1989. Muna goyon bayan a kama dillalai. Amma kamu bai warkar da yaron da ya riga ya rikice, mari da sarƙa ma haka. Abin da muka gaya wa mai tambayarmu shi ne ya yi masa addu'a, ya kuma kai shi asibiti tun abin bai yi nisa ba, ya gaya wa likita gaskiyar abin da yaron ke sha da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha. Manyan asibitocinmu na da sashen masu taɓin hankali, kuma ga mutanen Ƙonni da Illela, asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yana kan hanyar Sakkwato. Shi kuma ɗayan yaron, mai lafiyar, mun ce a zaunar da shi a yi masa magana tun yau, kada a jira sai ranar kasuwa ta wuce.