Girman Kamfani Ba Inshora Ba Ne

Tun da faɗuwar darajar naira ta tura ma'aikata da 'yan kasuwa neman mafaka a hannayen jarin Amurka, wata shawara ta zama ruwan dare: a sayi Apple da Microsoft da Nvidia, a juya a yi barci, domin wai irin waɗannan sun fi ƙarfin faɗuwa. Wannan shawara lalaci ce da aka yafa wa rigar hikima, kuma tanadin tsufa da kuɗin makarantar yara ne za su ɗanɗana kuɗarta.

A watan Maris na 2000, Cisco ya zama kamfani mafi daraja a duniya, ƙimarsa ta haura dala biliyan 500. Hujjar masu saye ita ce intanet za ta game duniya, kuma Cisco ne ke ƙera na'urorin da ke haɗa ta. Hasashensu bai yi kuskure ba. Intanet ta game duniya, kamfanin kuma yana nan da ransa. Duk da haka, zuwa 2002 hannun jarinsa ya zube da sama da kashi 80 cikin 100, kuma aka shafe fiye da shekara 20 bai koma farashinsa na 2000 ba. Wanda ya saya a ƙololuwa ya fahimci fasahar, amma ya yi tsadar saye.

Wani lokaci ma sarautar ce kanta ke kuɓucewa. A ƙarshen 2007, kusan huɗu daga kowace waya goma da ake sayarwa a duniya ta Nokia ce. iPhone da Android suka sauya ma'anar waya, kuma a 2014 Nokia ya miƙa wa Microsoft sashen wayoyinsa.

Masu kare shawarar sukan ce manyan yau daban suke, domin ribarsu ta zahiri ce. Gaskiya ne. Sai dai farashinsu ya riga ya ƙunshi zaton cewa ribar za ta yi ta hauhawa shekara da shekaru, alhali ginshiƙan wannan zato suna da rauni. Manyan masu sayen kayan Nvidia 'yan ƙalilan ne, kuma Google da Amazon da Microsoft duk suna ƙera nasu ƙwaƙwalen kwamfuta don rage dogaro da shi. Kamfanin TSMC na Taiwan, tsibirin da Sin ke iƙirarin mallaka, shi ke sarrafa wa Nvidia da Apple kayansu mafi inganci. A watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya a Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa doka ba. Ranar 27 ga Janairun 2025 kuwa, labarin manhajar DeepSeek ta Sin ya zaftare kusan dala biliyan 600 daga ƙimar Nvidia cikin wuni guda.

Har wanda ya sayi asusun da ke bin S&P 500 da sunan rarraba jari bai tsira ba, tunda kamfanoni bakwai kacal ke riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa.

Ba laifi ba ne mallakar hannun jarin waɗannan kamfanoni. Laifin shi ne a tallata su ga mai albashi tamkar ajiyar banki. Duk mai ba da shawarar da ya ambaci sunan kamfani, bai faɗi ninki nawa na ribar shekara ake biya ba, bai kuma faɗi abin da zai faru idan farashi ya rabu biyu ba, dillanci yake yi, kuma a matsayin dillali ya kamata a saurare shi.