Kaska Ma Tana da Lissafinta

'Yan uwa marubuta, da yawanmu mun ɗauki lissafi abin da bai shafi alƙalaminmu ba. Ni kuwa ina ganin asara muke tafkawa, kuma kaska ce hujjata.

Ku dubi cutar Lyme, wadda aka lura da ita a garin Lyme na jihar Connecticut a Amurka a 1975. Kaskar da ke yaɗa ta sau uku kacal take shan jini a rayuwarta ta kimanin shekara biyu. Ba ta fitowa daga ƙwai da cutar. Yawanci a jikin ɓera take kwasowa a shan farko, ta zuba wa wani ɓeran ko mutum a na biyu. Barewa ba ta ba ta cutar, amma jininta ke ƙosar da manyan kaska su yi ƙwai.

Masana sukan haɗa waɗannan su fitar da lamba guda, R0: sabbin kamu nawa kamu ɗaya ke haifarwa? In ta haura 1, cuta ta bazu. In ta gaza 1, ta mutu da kanta. Ronald Ross ya nuna irin wannan kan sauro tun 1911: ba sai an ƙarar da shi ba, a rage shi ya isa.

Makiyayin da kaska ke cinye wa garke yana buƙatar wannan bayani da harshensa. Idan mu ba mu rubuta masa ba, wa muke jira?